Albashina 380,000 ne amma ba ya kai ni 20 ga wata: nawa ne kuɗin rufin asiri?

Wani magidanci ne daga Kano ya aiko da tambayar. Yana aiki a wani kamfani, abin da ke shiga hannunsa bayan an cire haraji da fansho naira 380,000 ne a wata. Matarsa ɗaya, tana koyarwa a wata makarantar kuɗi. 'Ya'yansu huɗu, uku suna makaranta, kowannensu 55,000 a zango. Hayar gida 800,000 a shekara, yana kuma da mota. Ya jero abin da yake kashewa duk wata: abinci da cefane 150,000, fetur 70,000, wuta da gas da ruwa 40,000, kati da data 15,000, Islamiyya da kuɗin tara 20,000, sai 30,000 da yake aika wa mahaifiyarsa a ƙauye. Jimla 325,000. Ya ce bisa wannan lissafi ya kamata 55,000 su riƙa ragewa, amma kafin 20 ga wata aljihu wayam, yanzu haka wata manhajar bashi ta waya tana bin sa 220,000. Ya rufe da cewa: "Almubazzaranci nake yi, ko albashin ne bai kai ba? Nawa iyali irin nawa suke buƙata su zauna cikin rufin asiri?"

Malam, Allah ya rufa mana asiri baki ɗaya. Aikin akanta nake yi, kuma na daɗe ina riƙe da littafin ƙungiyar gama kai ta ma'aikatan wurin aikinmu, don haka takardar neman rance irin wadda za ka iya rubutawa ta sha wucewa ta hannuna. Bari in fara kwantar maka da hankali: ban ga almubazzaranci a jerin da ka aiko ba. Mutum shida a kan 150,000 na abinci, wato naira 5,000 a rana, wannan ma uwargida ce ke riƙon gidan da dabara. Abin da na gani shi ne ka rubuta rabin rayuwarka, ka bar rabin a waje.

Dubi jerin naka da kyau. Babu haya a ciki, babu kuɗin makaranta, alhali kai da kanka ka ambace su a farkon wasiƙa. Babu azumi, babu sallah, babu asibiti, babu bakanike, babu biki da suna. Ka bar su ne saboda ba kowane wata suke zuwa ba. Mu masu albashi haka kanmu ya saba, wata-wata muke tunani, tunda wata-wata ake biyan mu. Amma mai gidan haya da shekara yake lissafi, makaranta da zango, sallah kuwa da kalandar Musulunci wadda ke matsowa da kwana goma zuwa sha ɗaya kowace shekara. Duk ranar da ɗayansu ya ƙwanƙwasa ƙofa sai mu ce larura ta taso. Hayar da ka san ranarta tun bara ai ba larura ba ce.

To mu haɗa su. Haya 800,000. Makaranta, yara uku sau zango uku sau 55,000, ya kama 495,000. Idan ka ɗora littattafai da yunifom da takalmi na zangon farko, mu ce 600,000. Waɗannan biyu daga bakinka na ji su. Sauran ƙiyasi ne nawa bisa abin da nake gani wajen magidanta masu ƙarfi irin naka, sai ka gyara da naka adadin: ƙarin cefanen azumi da kayan sallah biyu da ragon layya, 450,000. Gyaran mota da taya da bakin mai da takardu, 200,000. Asibiti da magani, 150,000. Gudummawar biki, suna, anko, tafiyar ta'aziyya, 200,000. Duka ya tashi 2,400,000 a shekara. Raba shi gida goma sha biyu, 200,000 ke nan a kowane wata.

Wannan ita ce amsar tambayarka ta biyu. Rayuwar da kake yi yanzu kuɗinta kimanin 525,000 ne a wata, kai kuma 380,000 kake samu. Ranar da albashi ya shigo, 200,000 daga ciki sun riga sun zama na mai gida da makaranta da mai rago, ko da ba su zo karɓa ba tukuna. Abin da ya rage maka na ci da sha da zirga-zirga 180,000 ne, kana kuwa kashe 325,000. Giɓin 145,000 ne duk wata, 1,740,000 a shekara. Na san adadin zai buge ka. Gara ya buge ka a takarda da ya ci gaba da bugun ka a ƙofar makaranta.

Kada ka ɗauka kai kaɗai ne, kuma kada ka ɗora wa kanka laifin da ba naka ba. A rediyo ana cewa masu matsakaicin ƙarfi, mu a gida mai rufin asiri muke cewa: wanda tukunyarsa ke hawa murhu safe da dare, 'ya'yansa na karatu, ba ya roƙo, maƙwabci bai san ranar da babu ba. Wannan rukuni ya sha duka tun 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur. Kafin ranar, lita a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba. Zuwa Oktoban 2024 ta haura 1,000. Lita saba'in da wani abu da kake sha a wata, a da ba ta cin 15,000. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da ke wajen 460 a hukumance ta wuce 1,500 a farkon 2024, kuma duk abin da ake shigowa da shi, daga maganin hawan jini zuwa kayan gyaran mota, ya bi ta. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta zarce kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. A Afrilun 2024 aka ninka kuɗin wuta fiye da sau uku ga 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta awanni masu yawa a rana, a farkon 2025 kuma aka amince kamfanonin waya su ƙara kashi 50. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024, Kano ta sa nata 71,000, amma mai ɗaukar dubu ɗari uku a kamfani ba a ninka masa nasa ba. Gidan da kake ciki da motar da makarantar yaran, duk ka zaɓe su ne a lokacin da albashinka ke iya ɗaukar su. Kayan ne suka yi nauyi a kan wanda ya ɗauko su daidai ƙarfinsa.

Idan ka ji an ce hauhawar farashi ta sauka, kada ka zauna jiran kaya su koma farashin da. Ma'anarsa gudun tashin ne ya ragu. Hatsi yakan sauko da kaka mai kyau, amma ban taɓa ganin mai gidan haya ko mai makaranta ya rage kuɗi ba.

Akwai wani tsari da ake yawan yaɗawa, wai ka raba albashi kashi 50 na buƙata, 30 na sha'awa, 20 na ajiya. Daga Amurka aka ɗauko shi, inda ake biyan haya wata-wata, abinci kuma bai kai kashi 15 na abin da iyali ke kashewa ba. A nan, binciken Hukumar Ƙididdiga na 2019 ya nuna kusan kashi 57 na kuɗin da gidaje ke kashewa a abinci yake tafiya, tun kafin wannan tsadar. Kuma tsarin bai san da mahaifiya a ƙauye ba, bai san da ƙanwar da za a yi wa kayan ɗaki ba. Ka bar shi.

Yanzu ga tambayar da ba ka yi ba, wadda ta fi damuna. Giɓin shekara 1,740,000 ne, bashin da ka ambata 220,000. To wa ke cike sauran? Wani ɓangare na san inda yake: kantin unguwa da ake rubuta maka, abokin aiki da ka ranta a wajensa, kuɗin makaranta da ake biya rabi-rabi. Amma ina kyautata zaton kaso mai yawa daga hannun maiɗakinka yake fita, ba ka sani ba. Ka ce tana koyarwa, ba ka faɗi albashinta ba, ba ka kuma sa shi a lissafi ba. Ta fuskar shari'a ka yi daidai, domin ci da sha da sutura da muhalli a wuyanka suke, kuɗinta nata ne. Sai dai abin da ke faruwa a gidaje da yawa shi ne, mai gida ya ajiye kuɗin cefane ya fita, kuɗin ba su isa ba, ita kuma ba za ta bari yara su ga tukunya a kife ba.

Ni ma ya faru a gidana. A 2016, shekarar da tattalin arzikin ƙasar nan ya durƙushe, ina ba da kuɗin cefane daidai da wanda nake bayarwa tun shekara biyu baya. Miya ba ta canja ba, don haka ban yi tunanin komai ba. Wani dare bayan isha'i na ce mu zauna mu duba inda kuɗi ke tafiya. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da wani littafin makaranta mai jan bango. Kowane shafi ta raba shi biyu da biro: gefe ɗaya abin da na bayar, ɗaya gefen abin da ta cika daga cinikin zoɓo da ƙanƙara. Ɗari biyu na manja, ɗari da hamsin na niƙa, ɗari uku na mai ga-ruwa, rana bayan rana har wata goma sha huɗu. Can ƙarshen littafin ga kuɗin 'yan kunnenta na gwal, waɗanda ta sayar lokacin da ƙaraminmu ya kwanta asibiti, ta ce mini a lokacin yayarta ce ta ranta mata. Na daɗe riƙe da littafin ban iya cewa komai ba. Ba don ta bi ni bashi ta rubuta ba, ta ce so take ta san ko sana'ar tata na kawo riba.

Saboda haka kafin ka taɓa komai, ka zauna da ita. Ka faɗa mata albashinka na gaskiya da bashin da ake bin ka. Na san da yawa daga cikinmu an raine mu a kan cewa mace ba ta sanin samun mijinta, wai za ta buɗe ido. Abin da na gani a aiki akasin haka ne. Matar da ba ta san samun mijinta ba tana auna shi da motarsa da shaddarsa, sai ta nemi abin da ya fi ƙarfinsa ba da mugun nufi ba. Wadda ta ga lissafi da idonta ita ke fara cewa a bar wannan, a jinkirta wancan. Kuma ita ta san farashin kwanon wake yau, kai na bara ka sani. Idan ta ga dama ta ɗauki wani abu, misali kuɗin Islamiyya da na tara, to ya zama a fili, da yardarta, kana gode mata, kana kuma sane cewa alheri ta yi maka.

Sai bashin manhaja. Shi za a fara kashewa, tun kafin a yi maganar ajiya. Riba ce, wannan kaɗai ya isa dalili. Ga shi ruwan da suke ɗorawa na mako ne ko na wata, mutum yakan ci daga wannan ya biya waccan har ya rasa inda ya faro. Idan ka makara kuma, wasunsu sukan bi lambobin da ke wayarka suna aika saƙon cin mutunci ga surukai da abokan aiki. Tun 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ke fama da su a kan haka. Mutumin da ke neman rufin asiri bai kamata ya miƙa asirinsa ga irin waɗannan ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma akwai wanda ake ci a wurin ɗan'uwa ko ƙungiyar ma'aikata ba ruwa, a biya a hankali. A ƙungiyarmu ba ma yarda abin da ake cire wa mutum ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashinsa, domin na taɓa riƙe takardar albashin wani bawan Allah, dattijo mai 'ya'ya bakwai, wadda bayan bankuna biyu da mai kayan lantarki sun cire nasu abin da ya rage a ƙasa bai kai kuɗin buhun masara ba. Hannunsa na rawa ya miƙo mini ita.

Ina za a samu 220,000 a dunƙule? Nan za mu zo kan mota, kuma na san nan ne maganar za ta yi ɗaci. Fetur 70,000 sau goma sha biyu 840,000 ne, ga gyara 200,000, jimla 1,040,000. Motarka ta fi gidan da kake kwana a ciki tsada. Ban ce mota ba ta da amfani ba; mai yara huɗu ya san darajarta ranar da zazzaɓi ya tashi da tsakar dare. Amma ka tambayi kanka tsakani da Allah, kashi nawa na riƙe ta buƙata ce, kashi nawa kuma tsoron a ce wane ya sayar da mota. Idan ka sayar ka sayi babur mai kyau, ka yi wa yara jinga da mai adaidaita sahu ɗaya amintacce, a ƙiyasina duk zirga-zirgar gidan ba za ta wuce 45,000 a wata ba, maimakon kusan 87,000 da take ci yanzu. Ka tsira da wajen 42,000 duk wata, ragowar kuɗin motar kuma ya biya bashin manhaja ya zama harsashin hayar baɗi. Idan aikinka ba zai yiwu ba sai da ita, to a ƙalla ka ajiye ta a ranakun aiki da ba dole, ka yanka mata litar da ba za ta wuce ba a mako.

Azumi da sallah su ne na biyu. A 'yan shekarun nan kuɗin zango na uku yana faɗowa ne a tsakanin ƙaramar sallah da babba, shi ya sa daga Maris zuwa Yuni takardun neman rance suke cika mini tebur. Layya sunna ce mai ƙarfi a kan wanda yake da hali, kuma tunkiya ko akuya da ta cika sharuɗɗa ta wadatar. Ka tambayi malaminka zai tabbatar maka. Babu inda aka ce ka ci bashi da ruwa don ragonka ya kai na maƙwabci tsawo. Aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa arziki ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. Tunda kana da gida a ƙauye, ka sayi ɗan rago tun bayan kaka a kiwata maka shi can, ka riƙa aika kuɗin dusa. Kayan yara kuma a shiga Kantin Kwari tun Rajab, a kai wa tela kafin layi ya yi tsawo, kala ɗaya mai kyau kowace sallah. Yaro ɗan shekara shida farin cikinsa sabon kaya ne, bai san sunan yadi ba. Da haka 450,000 za ta iya komawa 250,000, ka rage kusan 17,000 a wata.

Biki da suna ba zan ce ka daina ba, zumunci ne, kuma ranar taka su za su zo. Ka dai yanka masa adadi na shekara, mu ce 100,000, ku amince kai da uwargida cewa ba kowane anko ake shiga ba. Zumunci a ƙafa yake, zuwanka da wuri ka kama hidima ya fi ambulan da aka ranto.

A abinci ba na son ka rage abin da ke shiga cikin yara. Yadda ake saye za a gyara. Mai awo kwano-kwano a kantin unguwa, balle a bashi, shi ya fi kowa sayen tsada. Ku ƙirga kwano nawa na masara, shinkafa, gero da wake kuke ci a mako. Idan masara kwano uku ce, a shekara 156 ke nan, buhu huɗu tunda buhu kwano arba'in ne. Daga Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da amfanin gona ya cika kasuwa, ka je Dawanau ko kasuwar ƙauyenku ka yi awon wata shida ko fiye. Shinkafa 'yar gida ta wajen Kura, idan aka samu mai kyau aka tsince, ba ta da laifi ko kaɗan. Wake ka zuba shi a buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, ka ɗaure tam, ƙwaro ba ya rayuwa a ciki. Kada ka yarda a zuba wa abincin 'ya'yanka maganin ƙwari. Tumatir da tattasai da rani suke arha, lokacin da na Kadawa ke fitowa, sai a sayi kwando a yanka a shanya kauɗa don damina. Sukari da taliya da man girki ku haɗu ku uku ko huɗu ku sayo katan a Singa ku raba. Amma na ci za ka saya, kada ka ɗauki kuɗin haya ka zuba a hatsi da niyyar riba, domin a 2025 farashin ya faɗi, masu ɓoyo da yawa sun tafka asara. Wannan gyara kaɗai yana iya sauke maka wajen 20,000 a wata, data kuma ka matse ta ka samu 5,000.

Mu tsaya mu ƙirga. Mota 42,000, sallah 17,000, biki 8,000, awo 20,000, data 5,000: 92,000. Giɓin 145,000 ne. Saura 53,000, kuma ba zan ɓoye maka ba, ƙananan gyare-gyare sun ƙare a nan. Abin da ya rage manya ne: gida, makaranta, Hajiya.

Kuɗin Hajiya ban yarda a taɓa ba. Naira dubu a rana ce ga wadda ta haife ka, kuma ban taɓa ganin wanda ya talauce saboda ciyar da mahaifiyarsa ba. Abin da za ka iya shi ne, idan kana da 'yan'uwa masu samu, ku zauna ku raba ɗawainiyar maganinta da gyaran ɗakinta, kada komai ya riƙa faɗowa kan wanda ke birni don kawai ana ganin yana da mota. Makaranta ita ce ta ƙarshe da zan so ka taɓa, sai dai ka bincika abin da kake saye. Ka ɗauki littafin yaron ajin huɗu ka sa shi ya karanta maka shafi ɗaya, ka ba shi lissafin rabawa. Idan ya iya, kuɗinka na aiki. Idan bai iya ba, fenti da mota mai rubutu kake biya, kuma akwai mai rahusa da ta fi ta. Ka tambaya ko suna rangwame ga mai yara uku, ko ga 'ya'yan malamai a inda uwargida ke koyarwa. Da yawa suna yi, sai an tambaya.

Gida kuwa, ni a ganina shi ne wurin da za ka iya motsawa. Idan ka samu na 550,000 a unguwar da ta ɗan fita, ka rage kusan 21,000 a wata. Sai ka auna da kyau kafin ka ɗaga katifa: nisan wurin aiki da makaranta, ko akwai ruwa a gidan ko kullum sai kurar mai ga-ruwa, kuɗin dillali da na kwasar kaya. Wani gidan arhar tasa a ƙofa take tsayawa. Idan lissafin ya fita, giɓinka ya dawo wajen 32,000. Wannan kam sai ƙarin samu: abin da uwargida ta ɗauka da son ranta, aikin Asabar da ya dace da iliminka, ko gonar gado da ke kwance a ƙauye a noma ta ko da masarar gida ce kawai. Kuma idan ka shekara biyu ba a duba albashinka ba, ka nemi a duba, da hujja a rubuce.

Abubuwa biyu ka bincika a ofis. Na ɗaya inshorar lafiya: dokar 2022 da ta kafa hukumar NHIA ta wajabta ta, Kano ma tana da hukumarta ta KSCHMA. Ka tambaya ko kamfaninku ya yi muku rajista, da kai da matarka da yaran, domin kwanciya ɗaya a asibitin kuɗi tana iya cinye tanadin wata shida. Na biyu, sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025, mai aiki daga Janairun 2026, ta ba mai haya damar a cire kashi 20 na hayarsa daga kuɗin da ake ɗora wa haraji. A taka hayar 160,000 ke nan. Abin da zai dawo aljihunka bai kai 30,000 a shekara ba, amma littattafan yaro ɗaya ne, kuma ba za a ba ka ba sai ka kai rasit.

Saura inda za a riƙa ajiye kason shekara, domin duk wannan lissafi banza ne idan kuɗin suna kwance a asusun da katinsa ke aljihunka. Bayan gyare-gyaren nan, kason zai sauko daga 200,000 zuwa wajen 140,000. Ka buɗe masa asusu daban, ba kati, ba manhaja a waya. Idan kana gudun ruwa ga bankunan Musulunci irin Jaiz da TAJ. Ko ka shiga adashin mutanen da ka san gidajensu, ka roƙi a ba ka kwasar watan da hayarka ke cika. Duk abin da za a iya biya tun wuri a biya, kamar kuɗin zango mai zuwa ko hatsi ko ɗan rago, tunda naira a ajiye narkewa take. Kuma duk wanda ya zo maka da harkar da za ta ninka kuɗi cikin wata guda, ka tuna da MMM a 2016 da CBEX a 2025, masu irin wannan alkawari da suka ruguje da kuɗin mutane, ka ce masa Allah ya ba da sa'a.

Ranar da albashi ya shigo, kafin ka sayi ko katin waya, ka tura kason shekara can, ka aika wa Hajiya nata, sannan ku zauna da uwargida ku raba sauran gida huɗu, mako-mako. Watanni uku na farko za su yi tsauri, musamman kafin awon kaka ya shigo. Ku sayi littafi ɗaya ku riƙa rubuta duk abin da ya fita, har naira ɗari ta niƙa. Idan wata uku sun cika, ka aiko mini da abin da littafin ya nuna, mu gyara ƙiyasina da adadinku na gaskiya. Allah ya buɗa, ya raya zuri'a, a gaida Hajiya.